Ranar da Na Rantse a Kan Idon Baba Dogo

Bana shekara arba'in da takwas ke nan da rasuwar Baba Dogo, Baturen mishan da ya riƙe ɗakin shan magani a bayan Kankia tare da matarsa. Ni ne direbansu. Bari in fara da tona wa kaina asiri: damina biyu ina tuƙa mutumin nan, ina buɗe masa ƙofa, ina cinye ragowar burodinsa, ban san ya makance ba. Masu tallar nono sun sani, masu kuturta da ke zuwa karɓar ƙwaya sun sani. Ni kaɗai aka ɓoye wa, don an san bakina. Abin da na ji da hantsi, kafin azahar ya zagaye kasuwar Kusada.

Mutane na zaton aikin ɗan mishan wa'azi ne. Waɗannan dai takarda ta cinye rabin rayuwarsu. Da safe a kunna oba-oba a yi magana da hedikwatarsu, sannan a zazzage jakar wasiƙu. Matar, wadda muke kira Inna Tafireta, ita ke karantawa a bayyane, shi kuwa ya jingina ya lumshe ido yana faɗin amsa, tana bugawa. Odar magani, kalanzir na firjin allura, hutun ma'aikata, rahoton wata. In an zo sa hannu ta ɗora rula a kan layin, ya bi da alƙalami. Ni da karatuna bai wuce yaƙi da jahilci ba, na ɗauka haka manya ke yi, har na taɓa neman a ba ni rula ranar da zan dangwala yatsa a wani ofis.

To, sai kuɗin fetur ya shigo, gwamnati ta fara karɓar asibitocin mishan. Baturen da ba zai iya aiki ba, ba a sabunta masa izinin zama. Baba Dogo kuwa ba shi da kowa a ƙasarsu. Ɗansu ɗaya tilo zazzaɓi ya ɗauke shi yana ƙarami, yana kwance ƙarƙashin tsamiyar bayan ɗakin maganin, kuma tsohon ba ya da wani buri sai a sa shi kusa da shi.

Jami'in da aka turo daga Kaduna matashi ne, ba ya dariya. Ya zauna a ofis yana juya takardu, yana satar kallon tsohon. Ina bakin taga ina goge motar da na riga na goge. Abin da na lura kawai shi ne tafireta ta yi shiru, abin da ban taɓa ji ba da hantsi. Can sai jami'in ya miƙe ya ce, "Uwargida, ki huta. Likita zai kai ni ɗakin ajiyar magani."

Ɗakin yana can ƙetaren fili, bayan rijiya. Baba Dogo ya haddace hanyar a ƙafarsa, amma a makon nan magina sun haƙa ramin harsashi a tsakiya, sun jibge bulo nan da can. Na ga Inna ta kama bakin tebur.

Ya fito, jami'in na biye da shi. Ya nufi ramin kai tsaye.

Malam Habu, mai makarantar allo, wanda ya shekara ashirin suna gardamar addini da tsohon babu wanda ya matsa, shi ya tashi daga tabarma ya tsaya a gefen da ke da hanya. "Barka da hantsi, Dogo! Ina gajiya? Ina wajen uwargida?" Tsohon ya karkata wajen muryar, ya amsa, ya wuce ramin da tazarar taku guda. Kafin a gama, Jumare makiyayi ya ɗauka daga bayan bulo, yana tambayar lafiyar kowa har da kaji. Daga shi sai wata mai nono a bakin rijiya, da ƙarfi kamar tana kiran saniya. Haka suka yi ta miƙa shi, murya zuwa murya, har hannunsa ya taɓa kwaɗon ƙofa. Ni kuwa ina tsaki, ina cewa yau wace irin gaisuwa ce a gaban baƙo.

Da suka dawo, jami'in ya zo wurina.

"Direba, kai Musulmi ne?"

"Tun kaka da kakanni, yallaɓai."

"Tsakaninka da Allah, tsohon wanga yana gani?"

Na kwashe da dariya. "Wallahi ya fi ni gani! A hanyar Kusada, kafin in hango rami ya ce in rage gudu."

Ya daɗe yana kallon fuskata, bai samu komai a ciki ba, don babu komai. Ya koma ofis ya buga hatimi.

Motarsa na ɓacewa Inna ta zube a bakin ƙofa tana kuka. Malam Habu ne ya ja ni gefe ya gaya mini. Na yi tsalle na dire, na ce an sa ni rantsuwar ƙarya. Ya ce, "Zauna, Sule. A kan abin da ka sani ka rantse."

Baba Dogo bai ga wata damina ba. Yana nan ƙarƙashin tsamiya, kusa da yaron. Yau babura sun cika hanyar da ya haddace, ramukan ma sun canja wuri, ofisoshi sun koma kwamfuta. Nakan tambayi kaina ko da yanzu ne, da wa zai bar wayarsa ya tashi ya tsaya masa a bakin rami. Bai ja Malam Habu zuwa addininsa ba, Malam Habu bai ja shi ba, amma a kan muryarsa ya taka ya tsira. Ban san wani abin da ya rage na mutumin nan da ya fi wannan ba.

Ni na kai Inna filin jirgi a Kano. Na sauke mata akwati. Ta riƙe hannun rigata, ta ce da Hausarta mai karkata:

"Sule, da ka sani, da me za ka ce masa?"