Yadda Na Kai Goggo Zaɓe

Na daɗe ina koyar da tarihi a wata sakandare a nan Minna, kuma in akwai darasin da nake ji da shi, to darasin zaɓen zamanin Turawa ne. Ranar da zan koyar da shi har guga nake sa a yi wa rigata. Sai in tsaya gaban allo in zayyana wa ɗalibai sharuɗɗan da Bature ya gindaya kafin mutum ya isa ya sa baki a zaɓen ɗan majalisa: sai namiji, sai baligi, sai mai biyan haraji, sai wanda aka san mazauninsa. Shi ɗin ma ba ɗan majalisar yake zaɓa ba. Yana zaɓen wanda zai zaɓi wanda zai zaɓi wanda zai tafi Kaduna ne, ta yadda kafin muryar talaka ta isa can ta riga ta gaji ta kwanta a hanya. Daga nan sai in bugi tebur in ce, "Ku dubi rashin kunya!" Ɗalibai su duƙa su rubuta rashin kunya, don sun san komai na iya fitowa a jarrabawa.

Wannan zafin ba a littafi na samo shi ba, a wurin Goggo na gada, yayar mahaifina. Ita ta ga abin da idonta tana sabuwar amarya a Chanchaga, lokacin tana tallar nono a tashar jirgin ƙasa. A shekarar da aka yi shelar zaɓe, kurkunu ya kama mijinta a ƙafa, ko taka ƙasa ba ya iyawa. Da kuɗin nononta aka biya harajin da ya mai da shi cikakken mutum a idon hukuma. Ita ta ɗora shi a kan jaki ta ja shi har filin da aka tara maza, ita ta sauke shi, ita ta tallafe shi a layi bayan mutumin da yake so. Bature na zaune a inuwa yana fifita da hula. Malamin hakimi ya biyo layin da sanda yana taɓa kafaɗun mutane yana ƙirgawa. Ya taɓa mijinta, ya ɗaga sandar ta wuce ta saman kanta, ya sauke a kafaɗar na baya.

"Bai ma kore ni ba," haka take cewa duk lokacin da ta kawo nan. "Da ya kore ni, da na san ya gan ni."

Saboda haka tun da aka yarda mata su yi zaɓe, Goggo ba ta taɓa fashin ko ɗaya ba. Ta yi wanda aka soke, ta yi wanda sojoji suka zo suka kwashe sakamakonsa, ta yi na kansila wanda ko matar kansilan ba ta fito ba. Ba wai ta yarda da 'yan takarar ba ne, don ta ce a cikin duk waɗanda ta zaɓa babu wanda ya taɓa haƙa mata ko ramin shara. Ita dai a ƙirga da ita. Kuma ba ta taɓa gaya wa kowa wanda ta dangwala wa ba, har mijin nata, ya rasu bai sani ba.

Da yanar ido ta rufe mata gani, ƙafa kuma ta yi nauyi, sai na ɗauko ta daga Chanchaga na dawo da ita gidana a Tunga. Ba ta tambayi katifa ba, ba ta tambayi inda za a ajiye ƙoranta ba. Abin da ta fara cewa shi ne, "Malam, katina fa? A dawo mini da shi nan unguwar." Malam take kirana, amma da irin muryar da ake kiran yaron da ya saka takalmin babansa. Kullum da safe in na shiga gaishe ta, kafin ta amsa sai ta tuna mini, har da ƙari: "Wannan shi ne na ƙarshe, na ji a jikina. Kada ka bari a tsallake ni."

Na je ofishin da ake sauya wa mutane rumfar zaɓe sau ɗaya, na tarar da layi ya fito har bakin titi, rana tana dukan mutane. Ni kuwa mai digiri, mai neman na biyu, ina ni ina tsayawa layi da masu tura baro? A lokacin ina zuwa karatun ƙarshen mako a jami'ar da ke Gidan Kwano, can nesa da gari a hanyar Bida, kuma akwai wani tsohon abokin karatuna da aka ajiye da na'urar rajista a can, yana zaune yana korar ƙuda. Na miƙa masa tsohon katin Goggo na ce ya gyara mana, ya sa ta inda babu wahala. Ya ce an gama. Bayan wasu watanni ya kawo mini sabon kati har aji. Na dubi hoton, na ga Goggo ce, na jefa a aljihu. Ni da nake rage wa ɗalibi maki biyar in bai karanta umarnin da ke saman takardar jarrabawa ba, ban karanta layi ukun da ke jikin katin nan ba.

Ranar Asabar ɗin zaɓe Goggo ta riga kowa wanka. Ta sa aka ciro mata zanen saƙinta, ta shafa kwalli a idon da ba ya gani. Kamar yadda aka saba, an hana zirga-zirgar ababen hawa, Tunga da ba ka iya tsallaka titi don keke da babur ta yi tsit. Makarantar firamaren da ake zaɓen unguwarmu ba ta da nisa, amma sai da muka huta sau uku kafin mu isa. Na zaunar da ita a benci ƙarƙashin mangwaro kusa da maƙwabciyarmu mai sayar da doya, na tafi duba sunaye a jikin bango.

Na bi takardun daga sama har ƙasa, na sake bi daga ƙasa har sama. Na ga sunana, na ga na matata, na ga sunan wani da muka yi jana'izarsa bara. Babu Goggo. Nan take jinin malanta ya hau mini kai. Na doshi teburin ma'aikata ina faɗa, na ce wannan shi ne abin da Turawa suka yi wa iyayenmu, an sauya fata ne kawai. Wata 'yar bautar ƙasa ce a kan teburin, ta bar ni na gama tas, har inda nake buga tebur, sannan ta karɓi katin ta juya shi ta ɗora farce a kan wani layi.

"Baba, karanta nan."

Na karanta. Gidan Kwano. Abokina ya cika alkawari, ya sa ta inda babu wahala, wato rumfar da ke kusa da kujerarsa.

Na sauke murya, na koma kiranta 'yata. Na ce tsohuwa ce, ba ta gani, ga ta can a zaune, a taimaka. Ta ce ko ta so na'urar ba za ta karɓa ba, kowa sai a rumfarsa. Ta faɗa da ladabi har da ban haƙuri, abin da ya ƙara ƙona mini rai, don na fi son ta yi mini rashin kunya in samu wanda zan ɗora wa laifi. Na koma gefe na kira duk mai mota da na sani. Wannan ya ce masu kaki sun tare hanyar Bida, wancan ya ce shi bai shirya kwana a bayan kanta ba. Gidan Kwano kuwa ko ni mai ƙafa biyu lafiyayyu in na kama hanya, sai an rufe layi kafin in isa, balle in goya tsohuwa.

Abin da ya rage shi ne in je ƙarƙashin mangwaron nan in durƙusa in ce, Goggo, na yi ganganci. Na tsaya daga nesa ina kallonta, tana zaune ta miƙe wuya, ta riƙe bakin mayafi, tana jiran a kira ta. Tsoro ya kama ni, ba na faɗanta ba, na shirun da za ta yi. Sai na juya na nufi gida da sauri.

Matata ta tarar da ni ina huda kwalin taliya da wuƙa, ga ɗan akwatin tawadar da nake buga hatimi a katin sakamakon ɗalibai, ga littafin shirin darasina. Ba ta da digiri, don haka nan da nan ta gane.

"Malam, ka ji tsoron Allah. Ka gaya mata gaskiya, ta yi faɗanta ta huce."

Na ce mata akwai abubuwan da sai mai nazari yake fahimta, na saɓi kwalina na fita.

A bayan makarantar akwai wani aji da ƙofarsa ta ɓalle. Can na ajiye kayan, na dawo na kama hannun Goggo. Maƙwabciyarmu ta ɗago ta ce, "Malam, ina za ka kai Mama? Layi yana nan gaba fa, ita ba ta yi ba tukuna." Na ce mata an ware wa tsofaffi wuri na musamman. Ta dube ni, ta dubi bayan makarantar.

Da muka shiga Goggo ta tsaya ta saurara.

"Yau babu hayaniya."

"Ɗakin manya ne, Goggo. Sabon tsari."

"Lallai ƙasa ta ci gaba," in ji ta.

Ta tambayi ina ma'aikatan, na ce ga su can sun ba mu wuri, doka ta ce mai larurar ido ya zo da wanda ya yarda da shi. Ta ce ai na'ura ake haska wa mutum a fuska yanzu, ta ji a rediyo. Na ɗaga wayata na ɗauke ta hoto, wayar ta yi ƙara, na ce ta karɓa. Ta yi murmushi ta gyara ɗaurin kallabi, wai ko za a sake. Na yago takarda ɗaya daga littafina na shimfiɗa a kan tebur.

A nan ne ta jawo ni da hannun riga, ta kai bakinta kunnena, ta raɗa mini alamar jam'iyyar da take so. Sirrin da ta hana mijinta, ta hana mahaifina, shi ta ba ni a cikin ajin da awaki ke kwana. Na kama babban yatsanta, duk ya yi kanta, na danna a tawada, na danna a tsakiyar farar takarda. Ta naɗe da kanta, na kai hannunta bakin kwalin, ta saka. Na ce to alhamdu lillahi, mu tafi.

"Ina sauran biyun? Yau ai takarda uku ce."

Na yago biyu na ƙara. Ko a zaɓen ƙarya Goggo ta fi malamin tarihi sanin doka.

Muka biyo ta gaban layi za mu fita, ta ɗaga yatsa sama kamar mai riƙe da tuta. Mata suna yi mata barka, wani dattijo ya ce ga abin koyi. Maƙwabciyarmu kaɗai ta kau da kai, ta sa ido a ƙasa har muka wuce. Na tuna da ni ma ina da ƙuri'a, kuma sunana na nan a bango, amma ban iya komawa na tsaya a layin ba.

A gida Goggo ta ƙi yarda a wanke mata hannun dama da sabulu, sai dai alwala, ita ma a hankali. Matata ta kawo mata fura ta ajiye, ta fita ba ta kalle ni ba. Ni kuwa na zauna a bakin tabarma ina lissafin yadda zan fara, don na ƙudurta in ta sha furar zan faɗa. Na ce a raina gara yau, tun abin bai yi tsami ba. Bature dai da ya hana ta, a fili ya hana ta, da rana tsaka, ta koma gida ta san abin da aka yi mata.

Ta ajiye ludayi ta lalubo gwiwata ta dafa.

"Malam."

Wannan karon babu tsokana a muryar.

"Na'am, Goggo."

"Ka san abin da ya sa na yarda na baro Chanchaga na zo gidanka, ban je na sauran ba? Tun kana ƙarami, in an yi ɓarna aka tara ku, kai kaɗai ne ba ka iya yi mini ƙarya. Yau ka sauke mini nauyi. Ko gobe aka kira ni, ba ni da sauran ƙorafi. Allah ya yi maka albarka, ya ba ka masu yi maka yadda ka yi mini."

Matata na tsaye a bakin ƙofa, na san tana ji. Goggo kuwa tana jiran amsa, don ba a barin addu'a a rataye.

Na ce amin.

Ta rasu bayan sallar layya, ban gaya mata ba.