Warin Fetur a Rijiyar Kakanmu

A shayi na fara jin warin. Na kurɓa, na ajiye kofin, na tambayi Inna ko da hannun da ya taɓa fetur aka wanke butar. Ta ce ni dai tun ina ƙarama hancina ya fi na kowa shisshigi. Bayan sati biyu kowa a gidan ya ji, sai dai ba mai son ya zama na farkon faɗa, don rijiyar gidanmu ba abar da ake yi wa magana gatsal ba ce.

Kakanmu ne ya haƙa ta. Daga Najeriya ya zo Garwa ta ƙasar Kamaru da fataucin goro da tufafi, kuma an ce sai da ya ga ruwa a cikinta kafin ya sa tubalin ɗakin kwanansa. A unguwarmu ta Pumpumre famfo kan ɗauke kwana da kwanaki, musamman da bazara, lokacin da zafin Garwa ke sa mutum ya ji haushin rigar jikinsa. To a irin wannan lokaci rabin unguwa a tsakar gidanmu suke ɗiba. Baba ya ɗauki kowace guga da aka ja a matsayin lada mai tafiya zuwa kabarin mahaifinsa. Idan yana zaune a zaure yana jin ƙarar guga, fuskarsa har wani haske take yi.

Fetur kuwa Yayana ne ya kawo shi gidan. Shekarun da aka zaftare albashi ne, kasuwa ta mutu murus, shagon yadin Baba sai ƙuda. Duk wanda ke da ƙarfi ya koma sayar da man da ake shigowa da shi daga Najeriya, wanda muke kira zuwa-zuwa, a kwalabe da jarkoki a bakin hanya. Yaya ya haƙa rami a bayan gida ya binne duro uku, wai maganin gobara da idon 'yan kwastan. Tsakaninsu da rijiyar bai fi taku goma sha biyu ba. Na yi ta jin haushinsa daga baya, amma in faɗi gaskiya, da wannan fetur ake tuƙa tuwon da nake ci, kuma ban taɓa cewa uffan ba.

Da warin ya ƙi ɓoyuwa, Baba ya yi abin da ya sani. Idan ɓera ko ƙadangare ya mutu a rijiya, ana fitar da shi ne a yi ta jan ruwa har wari da ɗanɗano su gushe, shi ke nan ruwa ya tsarkaka. Haka ya karanta, haka ya ga mahaifinsa ya yi. Sai ya sa muka yi ta ja, mu da matan maƙwabta, muna sheƙawa a bayan gida, har tafin hannuna ya yi kanta. Da la'asar warin yakan ja baya, Baba ya ɗanɗana ya ce alhamdu lillahi. Washegari ya dawo ya fi na jiya. Baba ya ce lallai akwai mushen da ya maƙale a ƙasa, sai an shiga an yashe ta. Ya aika wa mai yasar rijiyoyin unguwar, wani dattijo Kirista daga duwatsun Mokolo, wanda ya fara shiga rijiyarmu tun kafin a haife ni. Aka sa ranar Alhamis da hantsi.

Ni a lokacin aikin duba-gari nake yi, ina leƙa randunan mutane da masai ina yi musu faɗa, alhali ga abin da ke gidanmu. A wannan satin aka turo takarda cewa ana son mutum ɗaya daga ofishinmu ya je kwas na kwana biyar a kan yadda ake tsabtace ƙasa da ruwan ƙarƙashinta idan sun gurɓace. Mazan ofis suka ji zaman benci ne cikin zafi, kowa ya tuna yana da uzuri, abin ya faɗo kaina. Aka ba kowannenmu ɗan littafi da Faransanci, mai zane-zane. Ni ba mai iya zama wuri ɗaya ba ce. Kwana uku ina girgiza ƙafa, ina kallon fankar da ba ta juyawa, malamin yana jero sunayen sinadarai kamar mai kiran 'yan aji.

Ranar Alhamis malamin ya shigo rungume da wani akwatin gilashi cike da yashi mai jiƙe. Siririn mutum ne daga kudu, kullum rigarsa sharkaf da gumi. Ya soka ɗan bututu a gefe ɗaya ya ce wannan rijiya ce. A ɗaya gefen ya ɗiga jan launi ya ce wannan mai ne da ya zube a ƙasa. Launin ya nutse ya tsaya abinsa, da ƙyar yake motsi. Sai ya sa sirinji a bakin bututun ya fara zuƙo ruwa. Muna kallo ta gilashin, jan launin ya miƙe ya nufi rijiyar, yana zuƙa yana ƙara sauri. Na ji ƙafata ta daina girgiza.

Na ɗaga hannu na ce, "To idan aka dage da ja har warin ya tafi fa?"

Ya ce, "Madam, muddin abin da ke zubar da man yana cikin ƙasa, duk gugar da kika ja kin ƙara janyo shi ne. Ruwan da kika ja kuma ina kike zubarwa?"

Na tuna a bayan gida muke sheƙawa, inda durukan suke. Ya ce mu buɗe shafi na gaba. Zanen ashana ne an ja mata layi a kai. Ya ce tururin fetur ya fi iska nauyi, rami yake nema ya kwanta, don haka irin wannan rijiya ba mai shiga cikinta, kuma ko taba ba a sha a bakinta.

Nan na tuna yau ce Alhamis ɗin da za a shiga rijiyarmu. Na san yadda dattijon nan yake aikinsa, na sha kallo. Kafin ya sa ƙafa a rijiya sai ya kunna fitilar ƙwai, ya ɗaura ta a igiya, ya zura ta a hankali har kusa da ruwa. Idan ta ci gaba da ci, akwai iska, sai ya shiga. Idan ta mutu sai ya haƙura. Ban nemi izini ba, na suri littafin na fita, takalmi ɗaya yana neman ficewa. Na tare mai babur na ce Pumpumre, kuma in yana da wani gudun da ya ɓoye ya fito da shi yau. Duk hanya ina dukan kafaɗarsa, yana cewa, "Madam, dusma, dusma, a hankali, in mun faɗi wa zai kai ki?" Shanu suka tare mana hanya kusa da kasuwa, na ji kamar in sauka in ruga da ƙafa.

Na tarar da tsakar gida cike. Baba a kan kujerarsa, mata a gefe da bokitai, dattijon ya tuɓe riga ya ɗaura igiya a ƙugu. Fitilar tana hannun Yaya, a kunne, yana ƙulla mata igiya, taku biyu daga bakin rijiyar. Ban yi sallama ba. Na fizge ta na yi zaure da ita, na ɗaga ƙwan na hure. Sai daga baya na ga yatsuna sun tashi.

Baba ya ce, "Ke! Lafiyarki kuwa?"

Na ce, "Baba, ba mushe ba ne. Fetur ne. In fitilar nan ta shiga, da mu da gidan duk mun tashi."

Dattijon ya girgiza kai. Da Hausarsa ta kasuwa ya ce, "Yarinya, ba fitila, ba shiga. Fitila ita ne ido na. Babana ya koya mini haka, rijiya nawa na shiga, ga ni da rai."

Na ce wa dattijon, "Baba, ai ba ma shigar za ka yi ba. Ba mai shiga."

Da na tsaya nan da an ce na yi hankali. Amma bakina ya riga ni, na juya a gaban matan unguwa na ce durukan Yaya ne ke yoyo, kuma jan da Baba ya sa muke yi shi ya ƙara janyo man. Yaya ya ce durukansa sababbi ne, in ina da wata a ƙasa da shi in fito fili. Baba bai ɗaga murya ba, kuma wannan ya fi ciwo. Ya ce, "Kwana huɗu kika yi a lekol, makarantar bokon nan, har kin fi littafin da na karanta, kin fi kakanki?" Na buɗe masa zanen. Ko kallo bai yi ba.

Dattijon ne ya raba gardamar, kuma ba da magana ba. Ya kwance igiyar ƙugunsa, ya kwanta rub da ciki a bakin rijiyar, ya zura kai ya shaƙa. Ya ɗago yana tari, idanunsa sun yi ja. Ya ɗauki digarsa ya zaga bayan gida, muka bi shi. Tsakanin durukan da rijiyar ya fara sara. Ramin bai kai gwiwa ba jar ƙasa ta koma baƙa, mai maiƙo, warin ya buge mu har mata suka ja da baya. Ya damƙo ta ya matse, ya miƙa wa Baba tafin hannunsa yana ƙyalli.

Ya ce, "Alhaji, wannan ba ɓera ba ne."

Da aka tono durukan, tsatsa ta cinye gindin guda, yatsa yana shiga. Yaya ya tsuguna a gefen ramin ya daɗe bai tashi ba.

Abin da littafin ya ce shi muka yi, gwargwadon ƙarfinmu. Aka kwashe baƙar ƙasar a baro, aka kai wani fili a bayan gari nesa da ruwa, aka baza a kan tamfol, aka cakuɗa da kashin shanu, ana yayyafa ruwa ana juyawa don rana da iska su ci man. Yaya ne ya yi wannan aikin da hannunsa, sati da satittika, ba ya yi mini magana ba ya kuma fashi. Ni kuwa na kasa zama. Na bi gidajen da ke kewaye da mu ina jan guga ina shinshinawa, har aka fara yi mini dariya. Duk yaron da na ji yana ciwon ciki sai gabana ya faɗi, in fara lissafin watannin da aka yi ana shan ruwan nan.

Amma tun ranar Asabar ɗin farko an riga an yanke maganar rijiyar. Na roƙi malamin kwas ya zo, ya zo. Ya leƙa ramin, ya ɗebi ruwa a kwalba, ya zauna a tabarmar Baba yana share gumi. Baba ba ya jin Faransanci, ni ce tafinta. Tambaya ɗaya Baba ya yi.

"Tambaye shi, yaushe za a sha?"

Malamin ya ce ƙasar da aka kwashe za ta warke da wuri, amma man da ya riga ya kai ga ruwa yakan ɗauki shekaru, kuma ba zai yi ƙaryar faɗin nawa ba. A rufe ta, kada a sha, kada a yi girki, kada a ja. Na dubi Baba, ga furfura, ga sandar da ya fara dogarawa. Wallahi na so in ce masa zuwa bayan damina. Ba wanda zai kama ni. Amma na faɗa masa yadda aka faɗa. Ya gyaɗa kai ya ce wa malamin usoko, wato na gode da Fulatanci, ya sa aka kawo masa lemon kwalba, don ba ruwan da za mu iya ba baƙo.

Na ce zan rubuta sanarwa in manna a ƙofar gida, da Faransanci da ajami, kowa ya gani ya juya. Baba ya ce mutanen da suka yi shekaru suna shigowa gidansa ba za a kore su da takarda ba.

Washegari da sassafe ya sa aka fitar masa da kujera bakin zaure. Ta farko da ta zo wata tsohuwar Bafulatana ce, maƙwabciyarmu, da tulunta a ka.

Ta gaishe shi da Fulatanci, ta ce, "Jam na, Alhaji?"

Ya ce, "Jam." Ya buɗe baki zai ci gaba, maganar ta ƙi fita. Na matso zan faɗa a madadinsa, ya ɗaga mini hannu ba tare da ya waiwayo ba.

Ya ce, "Dada, ki yi haƙuri. Ruwan gidan nan ya lalace. Mu muka lalata shi."

Ta dube shi, ta gyara tulun ta juya. Akwai mata shida a bayanta, duk sun ji, amma bai bar ko ɗaya ta tafi ba sai da ya faɗa mata da bakinsa.