Agogon da Kawu ya saurara ta waya

Kawuna gyaran agogo yake yi, shekara arba'in da biyu a shago guda mai tebur ɗaya da fitila mai lanƙwasasshen wuya. Ba ya fara buɗe agogo. Sai ya kara shi a kunne tukuna, ya lumshe ido, sannan ya gaya wa mai shi ciwon da ke ciki. Da idonsa ya yi rauni, kunnen nan ne ya ci gaba da riƙe gidanmu, har da karatuna.

A ƙasar waje ya koyi sana'ar yana saurayi, a wani tsohon birni mai titunan dutse. Wata goma sha ɗaya kacal ya yi a can, amma duk wanda ya zauna a bencin shagonsa sai ya sha labarin. Maigidansa na can ne ke hawa hasumiyar tsakiyar birnin kowace safiya ya wana babban agogonta da hannu, Kawu na biye da shi.

Da na gama jami'a aka zaɓe ni zuwa wani taro na kwana biyar a ƙasar. Kawu, wanda tun lokacin Digiri yake kirana, ya zana mini hanyar shagon maigidansa a bayan kwalin batir.

"Digiri, in kin shiga lungun ki bi warin man inji, zai kai ki shagon. Ke da ko a kasuwarmu ɓata kike yi."

Na sami lungun. Babu masaka tsinke. Masu yawon buɗe ido ne ayari-ayari, kowane ayari na bin wani mai ɗaga laima. Shagon kuwa maƙalan makulli ake sayarwa a ciki, da ƙananan hasumiyoyin roba jere a kanta. Na tambayi mai sayarwar labarin tsohon mai gyaran agogo, ta ɗaga kafaɗa ta nuna mini inda ake tsayawa ɗaukar hoto. A hasumiyar na yi layin awa biyu. An ciro kayan cikin agogon an kulle su a akwatin gilas, ko motsi ba sa yi.

Kuskurena shi ne na kira shi sha biyun rana saura minti uku, ina tsaye a gindin hasumiyar.

"Shagon yana nan, Kawu. Jikan maigidanka ne a ciki, yana gaishe ka."

Ya yi dariyar da na daɗe ban ji ba. "Na gaya muku! To ɗaga wayar sama, yanzu zai buga. Ki yi mini shiru."

Na ɗaga. Ya buga sha biyu, jama'a na tafa hannu. Da na mayar da wayar kunnena, numfashinsa kawai nake ji.

"Wannan ba ƙarfe ne ke dukan ƙarfe ba," in ji shi. "Kafin kowane bugu gudumar tana ja da baya, ana jin kukanta. Lasifika suka sa."

"Layin ne ba kyau, Kawu."

"Digiri, ni za ki koya wa ji?" Sannan ya ce, "Shagon fa?"

Na buɗe baki zan amsa. Wani mai laima ya bangaje ni don mutanensa su wuce. Kafin in tsaya daidai Kawu ya kashe wayar.

Mako uku ke nan da dawowata. Bai yi mini faɗa ba, bai kuma tambaye ni komai game da tafiyar ba. Mama ta ce in ƙyale shi, amma kullum ina zuwa shagon in zauna, ina juya yadda zan ba shi haƙuri, in tashi ban faɗa ba.

Jiya wani direba, tsohon abokin cinikinsa, ya kawo agogo ya baje a benci.

"Baba, yau ba za a hau da mu hasumiya ba ne? Na zo da lokacina."

Kawu bai ɗago ba. "Ka dawo jibi," in ji shi.