Abin da Aka Faɗa Cikin Oba-Oba

Ku matso, 'ya'yana da jikokina, ku ba ni aron kunnuwanku. Wannan ba tatsuniya ba ce. Ƙafata ce ta taka, idona ya gani.

Mun tashi da asuba daga Kano, ni da ɗana na biyu, muka nufi ƙasar Sin neman yayansa. Ɗan farina kenan, wanda ke sayo takalma a Guangzhou yana turowa gida. Tun kafin azumi wayarsa ta yi shiru. Matarsa na zaune da yara uku, ba ta san ko matar aure ce ita ko mai takaba ba. Ranar da zan tafi ta riƙe gefen mayafina ta ce, "Inna, ko me kika tarar, ki zo mini da shi." Na ce to.

Jirgi ya sauke mu a Habasha, wani ya kwashe mu. Aka kawo abinci a ɗan akushin roba, loma uku ba ta cika ba. Na kwance ƙullin dambun namana na ci, na sam ma wata Bahabashiya da ke gefena.

Guangzhou gari ne da gidajensa suka tokare sama, hanya bisa hanya, zafi mai danƙo kamar an rufa maka jiƙaƙƙen bargo. Ba a ba mai shago kuɗi a hannu, waya ake nuna masa. Shinkafarsu fara fat, ba mai ba gishiri, ga tsinke biyu wai da su za ka ci. Na wanke hannuna na yi yadda uwata ta koya mini. Ɗakin da muka kama kuwa, kuɗin kwana ɗaya ya isa cefanen gidana na mako.

Muka fara da Zhanxi Lu, inda ake sarin takalma. Wani Basine mai shago ya gane hotonsa, ya ɗaga yatsa alamar mutumin kirki, sannan ya girgiza kai ya ce "me yo". Wato babu. Kalmar nan na ji ta har ta zauna mini a kunne.

Ranar Juma'a muka je Masallacin Huaisheng. Bayan an sallame, Hausawa suka kewaye ni, na Kano da na Nijar. A nan wani dattijo mutumin Maraɗi ya ce ya ga abin da ya faru. Ya ce ana duba takardu a bakin titi, ɗana kuwa bizarsa ta ƙare, fasfo ma bai fito da shi ba. Ya juya da sauri zai tsallaka, mota ta buge shi. Wani ɗan sanda ya duƙa a kansa, ya karkata baki ya yi magana cikin oba-obar da ke kafaɗarsa. Motar asibiti ta zo ta ɗauke shi da ransa.

"Wane asibiti?" na ce.

"Hajiya, shi ne abin da aka faɗa cikin oba-obar. Asibitocin garin nan sun fi masallatan Kano yawa. Mun zaga har muka gaji. Wanda takardarsa ba ta cika ba kuma, ba ya tsananta tambaya."

Shi dattijon sana'arsa kenan, sarin oba-oba yana kai wa masu gadi a Yamai. Na bi shi masaukinsa, kwalaye har rufi. Na ce ya kunna ɗaya mu ji bakin 'yan sandan, ko wani zai ambaci baƙon da mota ta buge. Ya yi murmushi mai ɗaci, ya murɗa. Sai shuuu, kamar ruwa a kan kwano.

"Tasu a kulle take, Hajiya. Ko ka kamo ta, ƙara za ka ji. Wanda ya nemi buɗewa, shi ma sai an neme shi."

Akwai wani ɗan jarida a wurin, Bakano, mai aika labarai gidajen rediyon gida. Ya ce a wasu ƙasashe, a da, 'yan jarida kan saurari irin wannan magana, kafin motar asibiti ta isa sun san inda ta nufa, su sanar da dangi. Yanzu ko can ana ta rufewa. Shi kansa sai abin da aka rubuto aka miƙa masa.

Dattijon ya ce, "Ai in an bar ta a buɗe, ɓarawo ma zai ji."

Na ce, "Gaskiya ne, Alhaji. Ɓarawo na da kunne. Uwa ma tana da shi."



Ɗan jaridar ne ya raka mu wani ofishin 'yan sanda, ya yi mana tafinta. Wata mace ce a kan tebur, yarinya sa'ar jikata. Ta ce uwar ta faɗi sunan ɗanta da bakinta. Jama'a, kun san ɗan fari. Tun ranar sunansa ban taɓa kiran sunan nan ba. Na buɗe baki na faɗa. Ta duba na'urarta ta ce "me yo". An kai shi ba takarda, ba suna.

Sai na ce a gaya mata titin, da watan, da tabon man ƙosai da ke ƙafarsa ta hagu. Ta danna oba-obarta ta yi magana. Amsa ba ta fito fili ba, cikin wani ɗan abu da ke kunnenta ta shiga. Ina tsaye taku biyu daga labarin ɗana, ba na jin komai. Fuskarta na karanta. Da ta cire abin daga kunne ta miƙe tsaye, na ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un."

Ya kwana biyu a asibiti yana numfashi, sannan ya cika. Kwana biyun nan 'yan'uwansa Musulmi na zaga gari, babu wanda ya laƙanta masa kalmar shahada. Tun lokacin yana ɗakin sanyi. Mutanen masallaci suka yi masa wanka da salla, aka binne shi a maƙabartar Musulmi. Allah Ya saka musu da alheri.

Muka juyo gida. Abin da tafiyar ta koya mini shi ne, labari na iya kasancewa kusa da kai kamar kafaɗar wani, ya fi maka Sin nisa.

Dattijon Maraɗi ya loda kayansa a tashar jiragen ruwa ta Nansha ya koma Nijar. Ɗan jaridar na can yana jiran abin da za a miƙa masa. Ɗana na biyu ya karɓi shagon yayansa, ya ce shi da jirgi har abada. Yaran suna ɗakina.

Matar marigayin kuwa, da na faɗa mata, ta cire 'yan kunnenta ta ce a kira malam ta shiga takaba. Malam ya tambayi ranar rasuwa, ya lissafa da yatsu, ya sunkuyar da kai. Ya ce wata huɗu da kwana goma sun riga sun wuce, babu komai a kanta. Ta dubi lallen da ta sa a ƙafa tana jiran dawowarsa, ta ce, "Inna, ashe har takabar tasa an yi ba da ni ba."