Farar Rigar Ƙanena da Kofin Baba

Ni ne babba a gidanmu, ni na fara shiga lakwal, makarantar boko ke nan, ni na fara aiki. Amma in ka je Kwaya ka tambayi mahaifinmu wane ne mai ilimi a cikin 'ya'yansa, ƙanena zai nuna maka. An ce kishi kumallon mata ne. Wanda ya faɗi haka bai taɓa zama malamin makaranta ba alhali ƙanensa yana sa farar riga a likita, wato asibiti. Abin da na daɗe ina nema bai taka kara ya karya ba: ko sau ɗaya in faɗi magana Baba ya ɗauka don ni na faɗa.

Ilimin halittu nake koyarwa a wata kwaleji a Waca. Akwai darasin da nake ji da shi kowace shekara. Sai in yanka dankali, in jefa wani yanki a ruwan rijiya, wani a ruwan gishiri. Kafin a tashi, na rijiyar ya yi tauri, na gishirin ya yi yaushi. Daga nan in bayyana wa yara cewa kowace ƙwayar halitta tana lulluɓe da wani tantani siriri da ruwa ke ratsawa, kuma ruwan yana bin ɓangaren da gishiri ya fi yawa. Yara suna ganewa. Baba ne kawai ya gagare ni.

Wata damina na same shi yana zuba takin zamani dunƙule guda a gindin gero. Na ce masa takin nan kamar gishiri yake, zai janye ruwan saiwa ya ƙone ta.

"Mushe," in ji shi, don da wannan sunan na malaman lakwal yake kirana in zai yi mini shaguɓe, "gero ba ɗan ajinka ba ne."

Haka muka yi da shi a kan kwalbar maganin ƙwari da ya wanke da toka, wai za a zuba man gyaɗa a ciki. Na yi magana, ya ce iyayi ya yi mini yawa. Sai da na saci jiki na fasa kwalbar a bayan gida.

Ƙanena kuwa a labo yake aiki a Magarya, inda ake auna jini da fitsari. Wata rana Baba ya kai masa ziyara, ya hango wani bido, wato jarka, babba mai kyau a ajiye ana shirin kai shi wurin ƙonawa. A wajen mutumin ƙauyenmu, jefar da bido mai murfi almubazzaranci ne. Ya miƙa hannu, yaron ya tare shi. Ya gaya masa ragowar jinin marasa lafiya da magungunan awo aka tara a ciki, an kashe ƙwayoyin cutar da ruwan jabel, sinadarin wanki mai ƙarfi, amma ko an wanke sau nawa ba a zuba ruwan sha a ciki. Ya nuna masa kwalin da ake jefa allurai, da safar hannun da ba a sawa sau biyu, sannan ya huda bidon a gabansa don kada wani ya tsinta.

Na ɗauka Baba zai dawo yana faɗa. Ina! Sai da kowa a kasuwa ya ji labarin. "Ɗana ya hana ni, ni da na haife shi! Ya ce, Baba, abin da ido ba ya gani shi ke kisa. Kai, yaron nan ya yi karatu." Ina tsaye a gefensa riƙe da igiyar akuya yake wannan bayani. Maganar da na yi a kan kwalba ita ce dai wannan, amma tawa ta zama iyayi, tasa ta zama ilimi. Wallahi ranar ko tuwon dare ban iya ci ba. Ina son ƙanena, ni na goya shi a kekena zuwa lakwal, amma na ji haushinsa har cikin raina. In hassada taki ce ga mai rabo, to na yi wa gonarsa hidima.

Bara da damina aka kira ni cewa Baba ba lafiya, gudawa ta kama shi. Na hau moto mai ƙafa biyu na iso da hantsi. Na tarar idanunsa sun faɗa, leɓensa ya bushe, ga kwano a gefensa. Na ɗanɗana abin da ke ciki, sai da na tofar. Ya ji ana cewa ruwan gishiri da sukari magani ne, sai ya sa Inna ta zuba gishiri cike da hannu, wai maganin da bai da ƙarfi ba magani ba ne.

Dankalin ajina na gani kwance a kan tabarma. Na tafasa ruwa ya huce, na narka ƙullin garin da ake bayarwa a likita daidai yadda aka ƙayyade. Na durƙusa na yi masa bayani a hankali: gishiri kaɗan da sukari kaɗan suna ratsa bangon hanji tare, ruwa ya bi su cikin jiki. In gishiri ya yi yawa, ruwan jikin ne zai fito ya bi shi.

Ya kurɓa, ya kawar da kai. "Wannan salam yake. Ba ni nawa."

Na lallashe shi, na yi rantsuwa, Inna ta sa baki, ya ƙi. Ga ruwan sama ya cika hanya, babu motar da za ta shigo. Na daɗe ina juya wayata a hannu. Ban so in kira ba, gaskiya ke nan, amma numfashin tsohon ya fara sauya. Na kira.

"Yaya, ba shi wayar," in ji ƙanena.

Ban ji ya yi wani dogon bayani ba. Cewa kawai ya yi, "Baba, ka sha abin da Yaya ya dama. Wancan a zubar." Baba ya ce to. Ya buɗe baki kamar yaro, na riƙe masa kai, ya shanye kofin tas.

Kafin la'asar ya tashi zaune. Maƙwabta suka shigo gaisuwa, ya riƙa gaya musu yadda ɗansa na likita ya ceci ransa ta waya, daga Magarya, ba tare da ko ya gan shi ba. Ni ina bakin ƙofa ina wanke kwanon gishirin. Na gode wa Allah da ya tashe shi, kuma na ji haushi, duka a lokaci guda.

Can sai ya miƙo mini kofin.

"Mushe, ƙaro mini. Amma ka dama yadda ƙanenka ya ce, kada ka sa iyayinka a ciki."

Na karɓa na tafi madafa.