Gonar Gangare da Na Kashe

Shekaranjiya maƙwabcina ya sauke zana a ƙofar gida, ƙanshin gamba ya shigo har inda nake kishingiɗe. Na tambaye shi inda ya yanko ciyawar, ya ce sai da ya yi tafiyar yini guda. Lokacin da nake yaro, a cikin gonarmu gamba take, layi-layi, ta fi mutum tsayi. Ni na sa aka tumɓuke ta. Bari in gaya maka yadda aka yi, ko da yake karatuna bai yi nisa ba, numfashina kuma ya yi gajere.

Mahaifina yana cikin waɗanda suka zauna Kontagora tun tana sansanin yaƙi, kuma bai san noma ba. Da aka raba ƙasa, sai aka ba shi wani gangare a kan hanyar Dukku, inda wani ƙauyen Kambari yake kafin a ci shi da yaƙi. Waɗanda suke noma mana gangaren su ne masu shi na asali, sai dai sun zama bayin gandu. Ban taɓa ganin abin mamaki a cikin wannan ba. Haka na buɗe ido na tarar.

Babbansu wani tsoho ne, shi ne sarkin gandunmu. Baba nake ce masa, shi kuma yana ce mini ɗan maigida, da Hausarsa mai karyewa. Kowace bazara, kafin a sa garma a ƙasa, yakan ɗauki goran ruwa ya hau can saman gangare. Ya tsuguna, ya zuba kaɗan, ya zura wa ƙasa ido yana gunaguni da harshensu, sannan ya matsa gaba ya sake zubawa. Sai ya gama zagayensa yake jan kunyar farko, a gicciye, kamar ɗamara a ƙugun tudu. Bayan 'yan kunyoyi a bar layin gamba. Wani sashe kuma a bar shi saura ya huta, ko da yana iya ba da dawa.

Ina tuna damina a wurin. Ruwa ya kwanta tsakanin kunyoyi har washegari, kwaɗi na ta kuka, ƙasa baƙa ƙirin tana riƙe ƙafar mutum. Da kaka matan gandu su yanke gamba, mu kuma mu bi bayansu muna kama fara.

Mahaifina ya tafi wani yaƙi bai dawo ba, gemuna bai gama fitowa ba gandu ya dawo hannuna. A lokacin gari ya cika maƙil da mutane, hatsi ya yi daraja. Baffana, ƙanen mahaifina, ya zo duba gona, ya tsaya yana dariya.

"Ɗana, dawa kake nomawa ko ciyawa? Kowa yana ƙara rumbu, kai bawa yana zuba wa iskoki ruwa a gonarka kana kallo. Ina amfanin izu goman da ka karanta?"

Maganar ta shige ni. Bazarar nan na tare tsoho a saman gangare, na karɓe goran na fasa da ƙasa, na ce ba a tsafi a gonar Musulmi. Na sa aka tumɓuke gamba, aka shiga saura, aka juya kunyoyi suka miƙe daga sama zuwa ƙasa, don huɗa ta fi sauri a haka.

Tsoho ya ce, "Ɗan maigida, in ka nuna wa ruwa hanya, ba ya mantawa."

Na ce, "Baba, da kun iya riƙon ƙasa, da ba a karɓe ta a hannunku ba."

Ya duƙa ya tsince sakainar goransa ya tafi.

Shekara biyu na ga dawar da ban taɓa gani ba, baffa ya yi ta yabona a zaure. A damina ta uku wata 'yar tsaga ta fito tsakanin kunyoyi biyu, faɗinta bai wuce tafin hannu ba, ruwan da ke bi ta cikinta ja wur. Tsoho ya riƙa ɗibar duwatsu yana jerawa a ciki, ba wanda ya sa shi. Ni kuwa na ga ɓata lokaci ne, ga ƙarfinsa ya ƙare. Da fatake suka zo za su ƙasar Nufe, na haɗa shi da su, na karɓi gishiri a madadinsa. Da za su tashi, tsoho ya tsaya yana kallon gangaren, ni bai dube ni ba.

Tsagar nan ta yi ta cin gaba. Shekarar da ta biyo akuya ta faɗa ciki ta kasa fita. Baƙar ƙasa ta tafi rafi, ta bar mana marmara da tsakuwa, ƙuduji ya shaƙe 'yar dawar da ta tsira. Wata rana da rani ina alwala a saman gangare, ruwan buta ya zuba, na bi shi da ido yana lalubar hanya, ya karkata hagu, ya tsaya, ya gangara. Na daɗe a tsugune. Ashe abin da tsoho yake yi ke nan. Yana duba inda ƙasa ta karkata ne, don ya san inda zai tare ruwa.

Na tara sauran bayin gandu na tambaye su yadda ake yi, da ko kunya nawa ake bari tsakanin gamba da gamba. Suka ce shi kaɗai ya sani. Wataƙila gaskiya suka faɗa, wataƙila kuma ba su ga dalilin gaya mini ba. Na dasa gamba da kaina, ruwan farko ya kwashe ta.

Ba ni kaɗai na yi haka ba. Duk tsararmu da aka ba ƙasar da ba su san darajarta ba, in ta mutu sai su nemi sabon daji da sababbin hannaye. Yanzu yara suna ce wa wurin nan kwazazzabo, suna tsammanin haka Allah ya halicce shi. Mutum da jakinsa sukan shige ciki ba a hango su.

Ɗana na fari ya ce bayan kaka zai kwashe iyalinsa zuwa wajen Zugurma. Ba ni da gonar da zan riƙe shi da ita. Na zaunar da shi na gaya masa duk wannan, har maganar gishirin. Ya saurara da ladabi, ya ce, "Allah ya yafe mana, Baba. Amma can daji da yawa yake, in ƙasa ta gaji sai mu matsa gaba."

Na sa masa albarka. Ya roƙi gatari biyu da ke gidan nan, na ba shi.