Uku a Dama, Huɗu a Hagu

Shekarun baya, tun ana zuwa Hajji a ƙasa ta hanyar Sudan, akwai wata rumfa a bayan unguwar Jarwal ta Makka da muke kira zaure, ko da yake gwangwani ne da buhu aka haɗa. Mahaifina da wasu abokan tafiyarsa uku suka kafa ta, don Hausawan Makka su samu inda za su haɗu ranar Juma'a bayan la'asar, a ci tuwo, a sha fura, a ji wa ya haihu, wa ya rasu. Doka ɗaya ce a zauren: duk wanda ya yi Larabci, shi zai wanke kwanuka. Ni da aka haifa a Makka, Hausata a lokacin tana ɗingishi, don haka ban san Juma'ar da ban wanke kwano ba. Har ta kai ina shiga nake naɗe hannun riga.

Gaskiya ba na son zuwa. Shekaruna sha tara, ina koyon ɗinki, ina jin kaina ɗan birni, kuma ina jin kunya abokaina Larabawa su gan ni cikin tsofaffi masu zane a fuska.

Idan Hajji ya ƙarato, ana yin abin da ake kira duban fuska. A kawo sababbin alhazai zaure, shugaba ya riƙa kiran ƙasashe, Kano, Sakkwato, Damagaram, Zazzau. Wanda aka kira ƙasarsa ya miƙe, baƙin da aka ba saƙo daga gida su bi layi suna duban zanen fuska. Ba adireshi a lokacin, zanenka shi ne adireshinka.

Mahaifina ya baro ƙauyensu a ƙasar Katsina yana saurayi. Ya ce wa mahaifiyarsa shekara biyu zai yi ya dawo, sai ga shi ya haura talatin. Duk shekara yana miƙewa, duk shekara a wuce shi. Abu ɗaya yake son ji kafin ya mutu: ko Inna ta yafe masa.

A waccan shekarar ƙafarsa ta kumbura, ko masallaci ba ya iya zuwa. Ranar duban fuska da safe na zauna ina gyara masa gemu da almakashina, kamar yadda na saba duk Juma'a, sai ya ce, "Yau kai za ka tsaya mini."

Na ce, "Baba, kowace shekara fa haka ake yi, ba a samun komai."

Ya ce, "Ka dai tsaya. Tsayuwar ce tawa, sauran na Allah ne."

Na je ina ƙunƙuni. Aka kira Katsina, na miƙe tare da mutum kamar goma. Wani dattijo siriri, ƙafafunsa duk faso, ya biyo layin yana leƙa fuskoki ɗaya bayan ɗaya. Da ya zo kaina ko tsayawa bai yi ba. Me zai gani? Fuskata sumul, ba a yi wa 'ya'yan Makka zane. Ni da mahaifina babu wanda ya yi wannan tunanin. Ya aiko ni in tsaya masa, fuskar kuwa tana gida a kwance. Na zauna da sauri, a raina na ce na sauke nauyi, har Larabci ya suɓuce mini na ce "halas" da ƙarfi. Shugaba ya nuna mini kwanuka ba tare da ya ko dube ni ba.

Ina tsugune a bayan rumfa ina wanki, sai ga dattijon nan ya zo wanke hannu tare da shugaba. Yana cewa, "Shekara ɗaya da rabi ina ɗauke da saƙon wata baiwar Allah. Na duba a Fallomi ta ƙasar Cadi, na duba a Sudan, nan ne ƙarshe. Gobe ayarinmu zai wuce Madina, in mun dawo kuma sai Arfa."

Shugaba ya tambayi sunan mutumin. Dattijon ya faɗi wani sunan yarinta da ban taɓa ji ba, shugaba ma ya girgiza kai. Ya ce, "Zanensa fa?"

"'Yan baka ne. Uku a dama, huɗu a hagu. Ƙanwarsa ta ce motsi ya yi a hannun wanzami, askar ta ƙara masa ɗaya."

Kwanon ya suɓuce daga hannuna. 'Yan baka a gefen baki ake yin su, kuma gemun mahaifina ya rufe nasa tun kafin a haife ni. Ko abokansa ba su san adadinsu ba. Ni kaɗai nake ganin su, duk Juma'a, a ƙarƙashin almakashi.

Na miƙe hannuna duk miya. Larabci ya cika mini baki, na haɗiye shi. Na ce, "Baffa... wannan mutum... ubana ne." Na sa yatsa na ja layi uku a kuncina na dama, huɗu a na hagu. Sai daga baya aka gaya mini da miyar kuka na zana su, kuma a haka na ratsa Jarwal, ni ɗan birni, ina jan tsoho da hannu.

Mun tarar da mahaifina a kishingiɗe. Dattijon ya yi sallama, ya durƙusa, ya ce, "Malam, ka yi mini izini." Ya sa yatsu ya buɗa farin gemun yana ƙirgawa a hankali. Da ya kai na huɗu, sai ya kira shi da sunan nan na yarinta. Mahaifina ya amsa, "Na'am," da wata murya da ban san yana da ita ba.

Bai tambayi gona ba, bai tambayi kowa ba. Ya ce, "Inna fa?"

"Allah ya yi mata rasuwa, damina bakwai ke nan. Amma ta bar magana. Ta ce in an gan ka a ce maka ba ta taɓa riƙe ka da komai ba. Ta ce ɗanta ɗakin Allah ya tafi, ita kuwa ba za ta yi jayayya da mai ɗakin ba." Ya ɗan numfasa. "Ƙanwarka kuma ta ce ɗakinka yana nan. Duk shekara sai ta sa an yaɓe shi."

Ya ciro wani ƙullin tsumma, daddawa ce ta bushe ta zama kamar dutse. Mahaifina ya kai ta hanci, ya daɗe bai sauke ba. Ranar na fara ganin hawayensa, na kuma ji kunyar duk ƙunƙunin da na yi da safe.

Bai koma gida ba, ƙafar ba ta bari ba. Amma Juma'ar da ta biyo, da na ɗauko almakashi, ya ce, "Rage shi sosai a nan gefen. Bari a gani." Haka ya ƙarasa shekarunsa, zanen a fili.

Yanzu otal ne a inda rumfar take, kuma na girmi mahaifina na wancan lokacin nesa ba kusa ba. Abin da ya fi taɓa ni idan na tuna shi ne, da ban yi Larabci ba a ranar, da ba a tura ni wanki ba, da saƙon ya koma inda ya fito. Na yi shekaru ina jin haushin dokar nan, daga baya ni aka bar wa riƙe ta, kuma ban taɓa ɗaga wa kowa ƙafa ba.

Jikokina Larabci suke yi, in na matsa musu su ce "sannu" su gudu. Ba na faɗa. Amma babu wanda ban zaunar na kama yatsansa na ɗora a kuncina ba, wannan kuncin da ba komai a kansa, muka ƙirga tare. Uku a dama, huɗu a hagu.